Ranar da Kifi Ya Daina Gudun Hannu

Shekarar da 'yata ta fari ta dawo gida wankan jego, muna zaune a Barkin Sale, a gidan da bayansa ke kallon rafi. Ba wani babban rafi ba ne, da rani tsallake shi ake yi. Daga gonakin da ke sama da unguwa yake gangarowa, kuma kowa ya san a nan masu feshin ciyawa suke wanke tankunan da suke goyawa, su watsar da robobin maganin a gefe. Mun sani, ba mu dai taɓa ɗaukar abin da zafi ba.

Kwananta tara da haihuwa aka tafka ruwa da safe. Wajen hantsi na ji hayaniya ta bayan katanga. Sai ga maƙwabciyata, Bagwariya mai sayar da doya, wadda muka daɗe muna musayar abincin sallah da na kirsimeti, zaninta a jiƙe har gwiwa.

"Hajiya, kina nan kina jan carbi arziki yana wucewa! Kifi ya fito da kansa, da hannu ake ɗiba."

"Da hannu? Tarwaɗar?"

"Har da karfasa. Ungo, ki yi wa maijego farfesu. Nono zai zo kamar famfo."

Ta juye mini rabin bokiti a baho, ta koma da gudu.

Na zuba musu ruwan rijiya don su fitar da taɓo, kamar yadda na saba. Ni ban iya buge kan tarwaɗa ba sai na yi bismillah na kau da ido, don haka nakan daɗe a tsugune ina kallonsu kafin in samu ƙarfin hali. Wannan kallon ne ya hana ni ɗaukar wuƙa.

Tarwaɗa mai lafiya a ƙasa take kwanciya, in inuwar mutum ta gifta sai ta fantsala ruwa. Waɗannan duk suna sama. Ɗaya tana ta zagaye ta gefe guda, ba ta tsayawa. Wata ta kife, farin cikinta a waje, can sai ta zabura ta daki bakin baho da ka, ta sake daka. Na kai yatsa dab da idon babbar cikinsu, ko gezau. Da na taɓa ta sai na ji jikinta yana karkarwa ƙasa-ƙasa, irin ta wayar da ake kira an kashe mata ƙara. Bayanta ya lanƙwashe, ya ƙi miƙewa.

A sakandare an koya mana kifi ma yana da ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Na ce a raina, abin da ya shige shi har ya manta da tsoron hannu, ai ba a fata ya tsaya ba.

Da maigida ya dawo daga azahar na tare shi a tsakar gida.

"Malam, zo ka gani."

Ya leƙa. "Sanyin ruwan sama ne ya buge su. Ke dai ba kya son yanka, sai ki nemi dalili."

"Sanyi ne ke sa kifi dukan kansa?"

Ya ɗauki ɗaya, ya buɗe kumatunta ya shinshina. Sannan ya ce in miƙo masa fartanya.

Bayan banɗaki muka haƙa rami mai zurfi, don kada kaji ko mage su tono. Wasu kifayen suna motsi lokacin da na juye su a ramin. Na yi ta neman gafarar Allah, halittarsa ce, ba su san hawa ba balle sauka. Aikin ya ɗauke mu lokaci, ƙasar jiƙaƙƙiya ce, tana manne wa fartanya.

Na wanke hannu da sabulu sau biyu, na shiga ɗakin maijego in gaya mata yau sai dai miyar kuka. Na same ta jingine da bango, jaririyar tana kan nono, gefenta wani kwano mai murfi wanda ba namu ba. Ashe maƙwabciyata ta dafa nata, ta zubo, ta shigo ta ƙofar gaba muna can baya.

"Mama, wallahi ta iya farfesu. Ta ce ta san ke har magariba ba za ki gama tausayin kifin ba."

"Nawa kika ci?"

"Duka. Har romon na shanye." Ta dube ni. "Lafiya?"

Na zare jaririyar daga ƙirjinta, ta tsala kuka. Na ce ta ɗauko hijabi, na ƙwala wa Malam kira ya tare mana keke napep zuwa asibiti.

A hanya na riƙe hannunta gam, ina tambayarta ko tana jin jiri, tana cewa kanta ne dai ya ɗan yi nauyi. Na rasa addu'ar da zan kama, sai hasbunallahu kawai. Keken yana ratsa layinmu a hankali saboda caɓi, kuma duk ƙofar da muka wuce, ƙamshin suyar kifi ne ke fitowa.