Telan Fagge da Malamin Sabon Gari

Bayan rasuwar matata, rediyo ce ta zama abokiyar hirata. Shagon ɗinkina a Fagge ɗan ƙarami ne, daga ni sai keke sai ita. Bayan la'asar akwai shirin da ake buɗe layin waya, kowa ya bugo ya faɗi albarkacin bakinsa. Ni kuwa Allah ya yi ni da surutu, ba na fashin kira.

A nan na samu abokin tsokana, wani dattijo Kirista ɗan Zariya, tsohon malamin makaranta da ke zaune a Sabon Gari. In na ce fari, sai ya bugo ya ce baƙi. "A gaya wa telan Fagge," in ji shi, "ya fara cika alkawarin ɗinkin sallah kafin ya gyara gwamnati." Kai! Ranar na yi dariya har allura ta soke ni. Mun daɗe a haka, ban taɓa ganinsa ba, ban kuma nemi lambarsa ba. Me zan yi da lamba, ga shi kullum muna haɗuwa a rediyo?

Wata rana ya bugo, murya ƙasa-ƙasa, ya ce za a yi masa aiki a asibiti, telan Fagge ya sa shi a addu'a. A makon nan wani mai kira ya zagi wani babba kai tsaye, hukumar da ke sa ido kan gidajen rediyo ta ci tashar tara. Mai tashar ɗan kwangila ne, ba ya son abin da zai taɓa masa tuwo. Bai yi wata-wata ba ya sa aka rufe layin, aka sallami mai gabatarwa, aka cike gurbin da tallan maganin basir.

Na je tashar. Wata ma'aikaciya ta ce, "Baba, ai ba ma ajiye lambar masu kira." Na bi Sabon Gari layi-layi ina tambayar tsohon malami mai tsokana, mutane suna kallona kamar zararre. Ko sunansa na gaskiya ban sani ba, a rediyo Malamin Sabon Gari kawai ake ce masa.

Wallahi kewarsa ta dame ni. Yanzu in la'asar ta yi, ƙarar keke kaɗai nake ji a shagon. Addu'a kam ina yi masa, sai dai in na ɗaga hannu nakan tsaya, don ban sani ba ko sauƙi zan roƙa masa, ko kuwa tuni an yi jana'izarsa ina nan ina ɗinki.