Ƙulli a Bakin Zani

Saura kwanaki kaɗan a yi ƙaramar salla, Goggo, ƙanwar mahaifina, ta ce in raka ta kasuwar Tasawa. A shekarar na gama jami'a, na dawo gida ina jiran aiki. Zan faɗi abin da idona ya gani kawai, inda nake shakka kuma zan bayyana, domin maganar ta shafi ran mutum.

Goggo tana zaune a wani ƙauye kusa da Korgom tare da jikarta, yarinya 'yar shekara shida ko bakwai. Uwar yarinyar, wadda nake kira Yaya, ita kaɗai Goggo ta haifa. Bayan rasuwar mijinta, a shekarar da gero bai yi ba, Yaya ta bi wasu mata zuwa Aljeriya neman abin rufin asiri. Daga Agadas ta yi waya, ta ce washegari za su shiga mota. Tun daga ranar damina biyu ta wuce ba a sake jin muryarta ba. Goggo ba ta yarda a ambaci mutuwa a gidanta. Duk wanda ya shigo da fuskar jaje sai ta ce masa, "Tafiya ta yi. Matafiyi addu'a ake yi masa, ba kuka ba."

Mun fara da rumfar masu atamfa. Goggo ta zaɓi turmi guda wanda za a raba tsakaninta da jikarta, sannan ta nuna wani mai ruwan goro ta ce a naɗe shi daban. Ban tambaye ta na wa ne ba. Na san akwai irinsa na bara a ƙasan akwatinta, ba a kai shi wurin tela ba, yana jiran mai shi.

A layin 'yan gwanjo wani saurayi ya ɗaga mini doguwar riga mai tattara da dogon wuya, irin ta matan turawan da. Ya ce, "Malama, ga ta 'yan boko! In kika sa wannan, gobe za a kira ki aiki." Goggo ta ce, "In ta sa wannan, awaki ma gudu za su yi." Dariyar da ta yi a nan ita ce ta ƙarshe da na ji daga gare ta a wannan azumin. Gaba kaɗan, wurin wani dattijo da ya baza tsofaffin littattafai a tabarma, na saya wa yarinyar littafin hotunan barkwanci, labarin wani raƙumi mai tabarau da ya ɓata a cikin birni.

Abin da ya rage shi ne darduma, domin ta sallar Goggo ta tsufa har ana ganin ƙasa ta wurin goshi. Muka je rumfar wani mai sayar da kayan arewa, waɗanda ake kawowa ta Agadas, mutum mai yawan ba'a. Ya shimfiɗa mana waɗanda ke rataye, Goggo ta ce sun yi tsada.

"To Inna, bari in kwance miki na talakawa," in ji shi, ya jawo wani ƙunshi daga bayan rumfa.

Ba da igiya aka ɗaure ƙunshin ba. Da tsohon zani ne, an murɗe shi kamar igiya. Da ya kwance ya jefar da shi gefe, sai zanin ya warware a ƙasa, shuɗi mai hoton ganye, rana ta cinye launinsa. Goggo ba ta ko kalli dardumar ba. Ta durƙusa ta ɗauki zanin, tana bin gefensa da yatsa har ta kai wani ɗan faci kusa da baki.

"Ɗiyata," ta ce da ni, murya ƙasa-ƙasa, "ke idonki sabo ne. Duba nan."

Na san abin da take nufi. Wani hutu da na yi a gidanta, garwashi ya ƙona zanin Yaya a bakin murhu, Goggo ta yi masa faci a gabana. Amma irin wannan atamfa an sayar da ita a kowace kasuwa daga Mayahi har Maradi, kuma babu macen karkara da garwashi bai taɓa ƙona wa zani ba. A tunanina facin Yaya kore ne. Wannan kuwa ya koɗe, ba a ce masa kore, ba a ce masa shuɗi.

Na ce, "Goggo, ya yi kama. Amma da azumi a bakina ba zan ce shi ne ba."

Ta juya wurin mai rumfar. "Ɗan nan, ina ka samo wannan?"

"Tsumma ne fa, Inna. Haka kayan suka zo mini daga Agadas, a ɗaure."

"Su can ina suke samunsa?"

Ba'ar ta bar fuskarsa. Ya dube ni, ya dubi ƙasa. Ya ce matan da ke dawowa daga arewa sukan sayar da tufafinsu a tasha don su cika kuɗin mota. Sannan ya ƙara da cewa masu manyan motoci kuma sukan tsinci kaya a kan hanya, inda wata mota ta taɓa lalacewa. Bai faɗi abin da ke samun mutanen motar ba, mu ma ba mu tambaya ba. Goggo ta kai hannu za ta biya, ya ja da baya.

"Ɗauki, Inna. Wannan ba na sayarwa ba ne."

A hanyar komawa ta riƙe maganarsa ta farko ta saki ta biyu. "Kin ji ko? Sayarwa suke yi don kuɗin mota. Ke nan tana hanya." Na amsa da "Allah ya sa." Amma na lura hannunta na dama a dunƙule yake a kan kusurwar zanin, ba ta buɗe shi ba har muka sauka.

Mun isa gida rana ta yi sanyi, ana ta haɗa kayan shan ruwa. Na miƙa wa yarinyar littafinta, ta zauna a bakin ƙofa tana dariyar raƙumin. Can ta ɗaga kai ta ga abin da ke cinyar kakarta. Ta ajiye littafin a ƙasa, ta matso.

"Zanin Innata ne," in ji ta. Ba tambaya ta yi ba.

Sai a lokacin Goggo ta buɗe hannunta. A kusurwar zanin akwai ƙulli, ƙarami, irin wanda mata ke yi don ajiyar kuɗi ko goro, ya yi tauri kamar tsakuwa. Farcenta ya kasa, ta sa haƙori. Abin da ya faɗo a tafinta ɗan kunne ne guda, na yara, mai jan dutse.

Wannan kam ba ni da shakka a kansa. Da asubar da Yaya za ta tafi, ta cire ɗan kunne guda daga kunnen ɗiyarta tana barci, ta ce zai riƙa tuna mata da gida. Ɗan'uwansa na nan a kunnen hagu na yarinyar, ta ƙi yarda a cire mata shi.

Na yi ƙoƙarin cewa wataƙila Yaya mantawa ta yi, wataƙila sace mata zanin aka yi. Goggo ta girgiza kai.

"Mace mai rai ba ta rabuwa da zani da ƙulli a bakinsa. Kwancewa take yi tukuna."

Har yau babu wanda ya zo mana da shaidar gani da ido, don haka ban taɓa rubuta ko faɗin ranar rasuwar Yaya ba. Abin da na gani shi ne Goggo ta jawo jikarta ta sa mata ɗan kunnen a dama, ramin ya kusa toshewa har yarinyar ta yi ƙara. Ladan ya kira salla, Goggo ba ta taɓa kunun da ke gabanta ba. Ta shiga ɗaki ta fito da atamfar bara, ta haɗa da mai ruwan goro ta ranar, ta ɗora mini a hannu.

"Gobe ki kai gidan liman," in ji ta. "Ki ce sadaka ce. Zai san ta wace ce."