San da Na Yanka da Buroshi

Da na gama karatun zane na dawo Talata Mafara, babu wanda ya san abin da za a yi da ni. Mahaifina manomin shinkafa ne a Bakolori, kuma ya ɗauka na karanto aikin koyarwa ne. Da na shimfiɗa masa zanen da na yi na magudanan ruwan gonarsa, ya duba da kyau, ya ce, "To, madalla," ya koma kan buhunan takinsa. Na fi wata uku a ɗaki, daga karatu sai feƙe fensir.

Kawuna, yayan mahaifiyata, mahauci ne, kuma shi ya ba ni aikina na farko. Ya gina sabon shagon nama a bakin titin Gusau zuwa Sakkwato, yana son a zana masa sa a bango.

"Ɗan boko," ya ce mini, "sa nika so, wanda in direba ya hange shi za ya taka birki ba shiri. Ka iya, ko ko takarda kaɗai ka iya ɓatawa?"

Na ce na iya, idona a ƙasa.

A wurina wannan bangon shi ne komai. Duk motar da za ta wuce sai ta gan shi. Na ƙudura cewa daga nan za a san akwai mai zane a garin, ba mai rubuta lambar gida ba.

Kawu yana da wani farin sa, irin bokolo, da ake yi masa kiwo a Bakura. Na riƙa hawa mota ina zuwa, in zauna nesa da turken ina kallonsa. Na koyi yadda tozonsa ke karkata hagu in ya juya, da yadda fatar wuyansa ke ninkewa, da wani ɗan duhu da ke kewaye da idonsa kamar an sa masa kwalli. Farinsa ma ba fari ba ne. Sai da na yi ta gauraya fenti kafin na samu launin, wani abu tsakanin toka da madara.

Ranar da na gama zanen na sauko daga tsani, mahauta suka bar wuƙaƙensu suka taru.

"Kai! Wanga ai sai ya yi tunkuyi," in ji wani.

"Ɗaure shi, Alhaji, kada ya bi motar Gusau!" wani kuma ya ce wa Kawu. Aka fashe da dariya. Ni kuwa na shiga wanke buroshina, daɗi ya cika ni.

Bayan la'asar malamin da Kawu ke ɗaukar karatu a wurinsa ya biyo ta wajen. Dattijo ne mai sanyin magana. Aka daɗe ana gaisawa, aka tambayi gida da gajiya da kasuwa, sannan ya ɗaga kai ya dubi bangon. Bai yi faɗa ba. Ya ce surar abu mai rai ba ta dace a bar ta cikakkiya haka ba, amma akwai sauƙi: a ja layi a wuya, a raba kai da gangar jiki, yadda kowa zai ga ba mai rayuwa ba ne.

Na san hukuncin, na karanta shi tun kafin in taɓa riƙe buroshi. Ban ji haushin Malam ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne saurin da Kawu ya yi.

"Wanga ai mai sauƙi na, Allah gafarta Malam. Mu da yanka as sana'armu! Ɗan boko, hau ka yanka shi."

Na ce a hankali, "Kawu, ko in ja siririn layi, fari, a cikin ninkin fatar?"

"Siriri? Wa za ya gani? Ja nika so, mai kauri, yadda Malam za ya hange shi daga ƙofar masallaci. In ba ka iyawa, mai fentin motoci na nan bayan tasha."

Na san irin hannun mai fentin motoci. Don haka na ɗauki jan fenti na hau tsanin da kaina. Na auna, na gyara tsayuwa, na ja layin daga bayan kunne zuwa maƙogwaro, ta kan ninkin nan da na fi wahala a kansa. Ko ɗigo bai zuba ba. Mahauta suka tafa, wani ya ce da Kawu ya ba ni wuƙa, yankana ya fi na yaransa tsabta.

Bangon ya yi mini suna, kamar yadda na so. Mai kaji ya kira ni, mai raguna daga Maradun ya aiko, har daga Dosara wani ya zo nemana. Dukansu abu ɗaya suke faɗa: "Kai ne mai zanen nan da ke yanka su da kyau?" Babu wanda ya taɓa tambayar yadda na samu launin fatar.

Har yau ina yin aikin. Sai dai na sauya tsari: da na fitar da siffar dabba, jan layin nake fara ja, in jira ya bushe, sannan in sa mata ido.