Accar da Mama Ta Aika Landan

Shekarar da aka tura ni kwas ɗin malamai na wata uku a Landan, kowa a garinmu Manchok da saƙonsa. Wannan agogo, wancan takalmi, kamar a bakin hanya zan tsinto su. Mama ce kaɗai ta ba ni abu maimakon ta roƙa. Acca ce mudu biyu, ta surfa da hannunta, ta ce in kai wa baturiyar nan, nas ɗin asibitin mishan, wadda ta yi kwana uku a kanta lokacin haihuwata. An ce na zo duniya ba numfashin kirki, kuma tun kafin a raɗa mini suna aka mayar da baturiyar ƙasarsu. Shekara talatin Mama tana riƙe da godiyar da ba ta samu yi ba.

"Ki sa mata a hannu fa," in ji Mama. "In ba ki gan ta ba, kada ki dawo ki ce mini kin je Ingila."

Fastonmu ne ya samo adireshin.

Mu mutanen yankin Kafanchan muna ji da kanmu a kan jirgin ƙasa, to Landan ta sauke mini girman kai. Nasu a ƙarƙashin ƙasa yake gudu, matakalar ma da kanta take tafiya. Ranar farko na gaida duk mutanen taragon, ba wanda ya ɗago daga jarida. Abin ya ba ni haushi ƙwarai. Amma na ga kwalaben madara a ƙofar gidaje ba mai taɓawa, na ce to, ba su iya gaisuwa ba, sun dai iya kame hannu.

A wurinmu ba a gaida babba da rana tsaka, sammako ake yi. Don haka ran Asabar, gari bai gama wayewa ba, ina ƙwanƙwasa ƙofar. Wani ƙato ya buɗe cikin rigar barci, fuska ta yi ja kamar manja, ya tambaye ni ko na san ƙarfe nawa. Ni kuwa ba a barina da magana. Na ce na sani sarai, a garinmu ma na makara. Na gaya masa abin da ya kawo ni. Ya ce tsohuwar ta daɗe da tashi, tana gidan tsofaffi can ƙetaren kogi, ya rufe ƙofa.

Na tsaya cikin sanyi rungume da acca, hawaye na zuba, ina tunanin me zan faɗa wa Mama. Sai ƙofar ta sake buɗewa. Ga shi da kwat a kan rigar barcin, da makullin mota a hannu. Ya kai ni har ƙofar gidan tsofaffin yana ƙunƙuni duk hanya. Ko sunansa ban tambaya ba, har yau ina jin kunyar haka, ina kuma sa shi cikin addu'a.

Raina ya ɓaci da na ga tsofaffi jere a bakin taga, ba jika ko ɗaya yana hawa cinyarsu. Aka nuna mini ita, 'yar ƙarama, da bargo a gwiwa. Na durƙusa.

"Mama, ina kwana?"

Ta daɗe tana kallona. Can ta ce da Hausa, "Lafiya lau. Ina gajiya?"

Na faɗa mata garinmu, na ce matar da ta yi wa kwana uku cikin damina ce ta aiko ni da godiya. Na ɗora mata jakar accar a hannu. Ta tura yatsu cikin accar, ta ɗebo, ta shinshina.

"Na tuna ta," in ji tsohuwar. "Jaririyar ta mutu, ko? Na tafi ba ta kama nono ba. Na ji tsoron rubuta wasiƙa in tambaya."

Na ce, "Mama, ni ce."

Ta kama wuyan hannuna da yatsu biyu, irin kamun nas mai duba bugun jini, ta daɗe ba ta sake ni ba.