Tsoho da Dashen Semeruco

A tashar motar garinmu Barquisimeto na ga wani tsoho zaune, malafarsa ta sha rana, yana rungume da gwangwanin madara. A ciki dashen semeruco ne, ɗan itacen dajinmu mai jajayen 'ya'ya masu tsami. Sai ya zuba masa ruwa sannan shi ya kurɓa. Ina jin wajen 'ya'yansa za shi, ƙasar da ba a san tsamin nan ba. Yana shafa ganyen, hankalinsa na can gidan da ya kulle da safe.

Direba ya hango takarda ɗaure a reshen: Malpighia glabra.

"Baba, shi ma da fasfonsa?"

"Sunansa na boko ne, saboda masu tsaron iyaka," in ji tsohon. "A gida ba ya amsa shi."