Yayata a Saman Shafi

Na kusa arba'in kafin na iya rubuta sunana ba tare da na zaro harshe ba. A ajin yaƙi da jahilci na koya, bayan aurena na biyu ya mutu, kuma da na fara sai na ƙi tsayawa. Da aka buɗe ajin kwamfuta a wani shago kusa da tasha, na je na zauna cikin sa'o'in 'ya'yana. Gwaggo Intanet suke ce mini. In na kama linzamin kwamfuta na ja, kibiyar ta gudu ƙarshen allo, sai wani ya ce, "Gwaggo, a hankali, ba muciya ba ce." Na ce masa da muciya aka tuƙa abin da ya ci har ya yi wannan ƙaton kan da babu komai a ciki.

Malaminmu ya ce shafin intanet kamar gida ne. Akwai zaure, wanda kowa ke gani. Akwai cikin gida, wanda sai mai kalmar sirri ke shiga. A ciki kake rubutu, ka sa hoto, ka zaɓi rukunin da abin zai zauna, ka danna wallafa, sai ya fito zaure. Manhajar ta riga ta gina ɗakuna, naka jere ne kawai. Wannan kam na gane shi tun kafin yaran su gane. Na yi jere a gidan miji har sau biyu.

Aikina na farko wajen wani Alhaji ne, mai dalilin aure, da ke da ofis a bayan kasuwa. Tun da shari'a ta kankama, duk mai wa'azin da ya rasa abin faɗa sai ya hau kan macen da ba ta da miji, don haka kasuwar Alhaji ta buɗe. Yana son shafi, kuma yana son mace ta riƙe shi, saboda zawarawa ba sa gaya wa namiji shekarunsu. Ba a sa fuska, ba a sa suna, sai lamba da bayani. Shi ya faɗa mini rukunan da zan buɗe: fara, wankan tarwaɗa, baƙa, mai 'ya'ya, marar 'ya'ya, mai sana'a. Da can dillalin tumaki ne a kara, kuma bai canza hannu ba. Har haƙora ya so a riƙa rubutawa.

A lokacin yayata ta gama takaba ta dawo gidanmu. Gidan yana hannun ƙanenmu tun rasuwar Baba, ya ba ta ɗakin da ke kusa da soro. Ba ta daɗe ba ya same ta tana tankaɗe, ya ce, "Yaya, ɗana zai yi aure bayan kaka, kuma ɗakin nan za a sa amarya. Na gaya miki da wuri don kada a ce ban gaya miki ba." Ni ɗaki ɗaya nake haya da yarana, in muka kwanta ko wurin ajiye buta babu. Abin da ya rage mata shi ne miji, kafin a yanke gero.

Da ƙafarta ta zo ofis. Na rubuta: baƙa, mai wushirya, ta haura hamsin, tana suyar ƙosai, mai haƙuri da tsafta. Alhaji ya leƙo ta kafaɗata ya ce in ƙara cewa ba ta taɓa haihuwa ba. Na ce wannan na mene ne? Ya ce shi ba ya sayar da kaya a rufe. Yayata ta ce, "Sa masa. Ai ba ƙarya ba ne."

Manhajar tana da ɗabi'a guda: sabon abu shi ke hawa sama, tsoho ya yi ƙasa. Duk bazawarar da na shigar sai ta tura yayata baya, har ta faɗa shafi na biyu, ta wuce na uku. Maza kuwa ba sa zuwa shafi na biyu. Na koma wajen malaminmu na tambaye shi ko akwai dabara. Ya nuna mini wani ɗan akwati a gefe, in ka danna shi rubutun zai kafe a sama, duk abin da ya shigo sai dai ya bi ƙarƙashinsa. Ya ce da shi ake riƙe sanarwa mai muhimmanci. Na danna. Ranar har rangaji nake yi a hanya, ina jin duk Daura babu wanda ya kai ni iya kwamfuta.

Lambobin da ke ƙarƙashinta suka yi ta canzawa. Wannan ta shigo, a ɗaura mata aure, a sauke ta, wata ta hau. Ita tana nan. Kuma Daura ba wani girma gare ta ba. Baƙa mai wushirya da ke suyar ƙosai, ba ta haihu ba, mutum nawa ne? 'Yan acaba suka fara ganewa, daga nan majalisun shayi suka ɗauka. Suka sa mata Mai Gadi.

Ina tsaye wajen kaskonta wata safiya wani ya tsayar da babur, ko kashe shi bai yi ba, ya ce, "Mai Gadi, a ba ni mai yaji. Na duba da asuba, na ga kina bakin aiki."

Na ce, "Uwarka ma gadin ta yi kafin ubanka ya taimaka mata."

Ya yi dariya ya ce, "To ai ita an taimaka mata, Gwaggo."

Yayata ba ta ɗago ba. Ta ƙulle masa ƙosansa, har da gyara.

Sharhin da mutane ke rubutawa a ƙasa sai na amince yake fitowa, don haka ina sharewa kamar mai share kashin kaji. Amma wanda ake faɗa da baki ba ya biyowa ta wajena. Na gaya wa Alhaji zan sauke ta. Ya ce kul. "Ke ba ki ga yadda ake shigowa ba? Kullum sai sun buɗe su ga ko tana nan, in sun buɗe sai idonsu ya faɗa kan wata. Yayarki ta aurar da mata sun fi a ƙirga. Lada take samu."

Mutum ɗaya ya nema. Wani dattijo daga Sandamu, matarsa ta rasu, yana son wadda za ta riƙe masa gida, haihuwa ba ta dame shi ba. Aka haɗa su a ofis. Yayata ta sa mayafinta na zuwa biki, ta sha turare. Sun gaisa lafiya, har ya tambaye ta ko tana iya zaman ƙauye. Sai Alhaji, don ya ƙara wa kayansa daraja, ya ce ai ita ce ta farko a shafi. Dattijon ya sake dubanta. Ya ce, "Au, ita ce?" Ya jawo takalmansa da ƙafa. "Alhaji, ina da abokan wasa. Ba za su bar ni in sha ruwa a garin nan ba."

Da ya fita ta matso kusa da ni ta ce, "Cire ni." Ban ko kalli Alhaji ba na cire.

Washegari mata suka fara sallama. Wadda ta daɗe a sama ta ɓace dare ɗaya, to me ya faru in ba aure ba? Wata maƙwabciya ta rangaɗa guɗa tun daga soro. "Ashe gadi ya ƙare! Wane ne mai rabon? Ɗan ina ne?" Ƙanenmu ya ji a masallaci, bai tambayi kowa ba ya sayo fenti, ya jingina bokitin a ƙofar ɗakinta.

Na zo da niyyar in kore su, na tarar tana amsa musu. "Amin, na gode. Sai an natsu za ku ji." Da suka watse na ce, "Yaya, me kike yi haka?"

Tana ninke zannuwanta cikin buhu. Ta ce ta aika wa gwaggonmu ta Dutsi, wadda idonta ya mutu, 'ya'yanta kuma suka gaji da fitar mata da fo. Akwai tabarma a gefen gadonta.

Na ce zan rubuta a shafi cewa babu wani aure, kowa ya kama bakinsa.

"Ki rubuta me?" Karon farko ke nan da ta ɗaga mini murya tun muna yara. "In fita garin nan a matsayin wadda ko shafin ma ya gaji da ita? Alhajinku ba ya da wurin da yake sa waɗanda aka ɗaura wa?"

Yana da shi. Ni na buɗe rukunin da hannuna.

"To can za ki sa ni."

Ta biyo ni ofis da buhunta, motar Dutsi tana lodi. Alhaji ya ji abin da muke shirin yi, ya ce madalla, wannan labari zai jawo mutane. Na shiga cikin gidan shafin, na buɗe sabon rubutu, na ce mata me zan ce game da mijin.

Ta kalli allon da ba ta iya karantawa.

"Ki ce ɗan kasuwa ne. Ki ce yana da gidan kansa." Ta gyara mayafi. "Ki sa shi fari, tunda kuna da wurin farare."

Na rubuta, na karanta mata. Ta ce in ƙara cewa shi ya nace. Na ƙara, na danna wallafa, na ɗaukar mata buhun zuwa tasha.