Wanda Ke Bayan Ayari

Kaka Zulai ba ta ba da tatsuniya sai ta gama suyar ƙosan yamma. Tana sauke kaskon, sai mu yaran gidan hayarmu na unguwar Zongo mu kewaye kurfotin gawayin, kowa na harin ɓarɓashin da ya rage a matsami. Ni ce babba. Kusa da ni kullum Sule ke zama, ɗan maƙwabciyarmu, yaro mai ɗan karen surutu, wanda ke ce mini Yaya har yau.

"Ga ta nan, ku kama ta kafin gawayin nan ya mutu," haka take buɗewa.

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta fataken goro, irin kakanninmu. Ta ce a ƙa'idar ayari, idan an sauka zango madugu ba ya sa hannu a akushi sai mutumin ƙarshe ya iso, ko da tuwo zai huce. To, aka yi wani madugu mai gaggawa, yana tsoron kada goro ya bushe kafin kasuwa. Akwai wani tsoho mai gurgun jaki da kullum shi ke baya. Madugu ya ce a daina jiransa. Ashe kura na bin sawunsu, a daren nan ta cinye tsohon. Ayari ya ƙara sauri, kowa ya ji daɗi. Amma da gari ya waye sai ga wani ya zama na baya, shi ma aka bar shi. Haka aka yi ta yi har madugu ya waiga wata rana bai ga kowa ba sai kura.

"Ayari ba ya rasa na baya," in ji Kaka tana tona toka. "In ka yar da wannan, wani ka naɗa."

Da muka girma Sule ya yi karatun kwamfuta, ya buɗe ɗan kamfanin kai saƙo a ɗaki guda a unguwar Nyékonakpoè. 'Yan kasuwar Assigamé, babbar kasuwar birnin, su yi oda ta waya, masu baburanmu su kai. Ni ya ɗauka in riƙa amsa kiran kwastomomi. Wallahi farkon nan mun ji daɗi. Duk Juma'a bayan masallaci a kawo faranti guda na shinkafa da wake, kuma ba mai taɓawa sai mai babur na ƙarshe ya dawo. Sule da bakinsa ya kafa dokar, yana cewa mu iyali ne.

Sai masu zuba jari suka shigo, muka koma bene mai sanyin AC. Aka kafa allo a bango mai nuna saurin kowa, aka ce duk ƙarshen wata na ƙasa zai tafi. Malam Isifu aka fara sallama, dattijon da ba ya gudu da babur tun da ya karye a ƙafa. Ranar ko jiransa ba a yi ba, ya dawo daga kai saƙo unguwar Avédji ya tarar an wanke faranti. Bayansa aka sallami abokiyar aikinmu Afi, tana da cikin wata bakwai. Yanzu kowa a roba ake ba shi abincinsa, ya ci a gaban kwamfuta yana satar kallon allo. Sule kuwa bai fasa kiranmu iyali ba.

Watan nan sunana ne a ƙasa. Tsofaffin 'yan kasuwa ba sa iya oda a gurguje, sai sun gaishe ka sun tambayi gida, ni kuma ban iya katse babba ba. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye ba. Da aikin nan nake riƙe da mahaifiyata da 'ya'yan ƙanena marigayi.

Jiya na shiga ofishin Sule na tambaye shi ko yana tuna madugun Kaka Zulai. Ya ce yana tunawa, Allah ya jiƙanta. Sannan ya ce, "Yaya, ni ma masu zuba jari na da allon da sunana ke kai. Ni ma ana bin sawuna."

Na ga da gaske yake. Muna yara na ɗauka madugun mugu ne, shi ya sa kura ta ci shi. Ban taɓa kawowa tsoro ne ke korarsa ba. Kaka takan rufe da cewa ƙurunƙus, a tashi a kwanta, mu watse muna dariya don mun san ƙarya ce. Wata zai ƙare ranar Litinin. Na riga na kwashe kofina da dardumar sallata na kai gida, kuma na ga yarinyar da sunanta ke saman nawa ta lura.